ALHAKI BA YA BUƘATAR TAFINTA

 

Yau maganar fim na zo muku da ita, fim ɗin ma na wata ƙasa wadda yawancinmu a tukunya muka san ta. Duk matar da ta taɓa dafa shinkafa 'yar waje ta ji sunan Tailan, don shekara da shekaru buhunanta ne jibge a Kasuwar Singa, kafin gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 'yar gida ta samu shiga. To ashe ban da shinkafa, mutanen nan suna da wata hajar da suke kai wa duniya, wato finafinan zullumi. Abin da nake kira fim ɗin zullumi shi ne wanda za ki zauna kallo zuciyarki tana dukan uku-uku, alhali babu mai harbi, babu mai tsere da mota. Abin da ke cin mutum a ransa kawai ake nuna miki, a hankali a hankali, har ki gano abin da ya binne.

Tambayar da ta dame ni ita ce, me ya sa baƙo wanda ba ya jin yaren Tailan yake zama ya kalli irin wannan fim har ya kasa tashi, mu kuwa namu na Kano, da ake yi tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da wuya ka ga ya tsallake inda ake jin Hausa? Ana kallon namu a Nijar da Gana da Kamaru da Sudan har Saudiyya, wannan gaskiya ne, amma 'yan'uwanmu ne masu jin yarenmu suke kallo. Ni a ganina amsar tana wuri ɗaya: wa ake ɗora wa laifi a cikin labarin?

MU MA BAƘIN 'YAN KALLO NE

In dai maganar yadda fim ke kama baƙo ce, Bahaushe ba sai ya tambayi kowa ba, don mun daɗe a wannan layi. Tun zamanin kakanninmu Kwarori 'yan kasuwa suka riƙa kawo finafinan Indiya silimomin Kano, daga baya talabijin ta shigo da su har cikin ɗakunan iyayenmu mata. Ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba sa ji, amma sun sha kuka a gaban akwatin nan. Me ya sa su kuka? Sun ga auren dole, sun ga uwar miji, sun ga maraici, duk abubuwan da suka sani a tsakar gidansu. Yau kuma ga masu fassara irin su Algaita sun sa Indiyawa suna Hausa, ga masu tura finafinai a waya a kowane lungu, har nan Wudil, musamman ranar Juma'a da kasuwa ke ci. Ki ba yaro 'yan kuɗi kaɗan ya ciko miki waya da na Indiya da na Koriya da na Turkiyya.

Saboda haka mun san cewa tufafin mutanen fim da abincinsu da yarensu ba sa hana mu shiga labarinsu, matuƙar ciwon da ke ransu irin namu ne. Da wannan idon nake so mu duba finafinan Tailan guda uku. Sai dai ki yi haƙuri 'yar'uwa, dole zan fasa ƙwai in faɗi ƙarshen wasu, don ba a sharhin labari a bar gindinsa.

MUTUMIN DA WUYANSA KE CIWO

Na farko shi ne Shutter, wanda ya fito a 2004. Samari biyu ne suka ba da umarni, Banjong Pisanthanakun da Parkpoom Wongpoom. Labarin wani mai ɗaukar hoto ne a birnin Bankok, sunansa Tun, da budurwarsa Jane. Suna dawowa daga walima da dare, ita ke tuƙi, sai suka banke wata yarinya a hanya. Jane ta so ta fita ta duba, shi kuwa ya ce ta ja mota su gudu. Tun daga nan duk hoton da ya ɗauka sai a ga wata farar inuwa a jiki. Sannan wuyansa ya kama ciwo, ciwon da likita ya rasa dalilinsa. A asibiti aka ɗora shi a sikeli, sai ga kilo 120, shi kuwa siririn saurayi ne. Nas ɗin ta yi turus, mai kallo ma ya yi turus, aka wuce wurin babu wanda ya yi bayani.

Jane ce ta shiga bincike, har ta gano yarinyar da ke fitowa a hotunan sunanta Natre, wata shiru-shiru da Tun ya yi soyayya da ita a ɓoye suna jami'a, yana jin kunyar abokansa su san da ita, daga baya ya yar da ita. Da Jane ta tsananta tono, sai ta ci karo da dodannin wasu tsofaffin hotuna da ya ɓoye. Ashe abokansa sun taɓa keta wa Natre haddi, shi kuma yana tsaye, maimakon ya cece ta sai ya ɗaga kyamara ya ɗauka, don a rufe mata baki da hotunan. Baƙin cikin nan ne ya kai ta ga hallaka kanta. A ƙarshen fim ya ɗauki hoton kansa, sai ga Natre zaune a kan kafaɗunsa. Tun farkon fim tana nan a wuyansa, ita ce ciwon, ita ce nauyin da sikeli ya nuna.

Kin ga gwaninta ko? Ba su kawo wani dattijo ya zauna ya yi mana wa'azin cewa zalunci ba kyau ba. Sun ɗauki abin da kowa ke faɗa da baki, wato hakkin wani yana wuyanka, suka mayar da shi abin da ido zai gani. Bahaushiya da ta kalli wurin nan ba ta buƙatar tafinta, don da yarenta ma haka ake cewa. Shi ya sa labarin ya yi tafiya. A 2007 aka sake yin sa da yaren Tamil na Indiya da sunan Sivi, a 2008 Amurkawa suka yi nasu, a 2010 kuma aka yi na Indiyanci mai suna Click.

TAGWAYE DA ƊAKIN OTAL

Na biyu shi ne Alone na 2007, na waɗannan samari biyu dai. Wata mata ce mai suna Pim, tana zaune da mijinta a Koriya ta Kudu, sai aka aiko mahaifiyarta ba lafiya, suka dawo gida. An haife ta ne manne da 'yar'uwarta ta wajen ciki, aka raba su da aiki, ɗayar ta rasu. Tana shiga tsohon gidansu sai ta fara ganin marigayiyar a madubi, a gefen gado, ko'ina. Mijin ya nemo mata likitan ƙwaƙwalwa, likita ya ce damuwa ce. Ke mai kallo kina ta tausayinta. Can sai gaskiya ta fito: wannan da ke raye ba Pim ba ce. Ɗayar ce, wadda hassada ta ci saboda saurayin Pim yake so, ta shaƙe 'yar'uwarta, ta ɗauki sunanta da mijin da za ta aura, ta yi shekaru tana rayuwa a cikin rigar wata. Wannan ma Indiyawa sun ɗauka, sun yi Chaarulatha a 2012, sun kuma yi wani Alone ɗin a 2015 da Bipasha Basu.

A nan ki tsaya ki yi dariya kaɗan. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubuce-rubuce a kan yadda 'yan fim ɗin Kano ke ɗebo labari da waƙa daga Indiya. To ga shi Indiyawan da muke ɗeba a rijiyarsu, su ma da guga suke zuwa Tailan. Mai ɗiba daga mai ɗiba kuwa ai sai dai ya samu guntun ruwa.

Na uku shi ne Ploy, shi ma na 2007, na Pen-ek Ratanaruang, wanda aka nuna a bikin finafinai na birnin Cannes a Faransa. Wannan babu fatalwa ko ɗaya. Miji da mata ne suka dawo daga Amurka don jana'iza, suka sauka a otal da asuba, ga gajiya ga rashin barci. Mijin ya sauko ƙasa, ya haɗu da wata yarinya tana jiran isowar mahaifiyarta, sai ya ce ta zo ɗakinsu ta huta kafin lokacin. Shi ke nan fa labarin. Yarinya tana kwance tana barcinta, matar gida tana kallonta, zargi yana tafasa. Har ya kai ke mai kallo ba kya iya rabe abin da ya faru da gaske da abin da matar ke saƙawa ko take mafarki. Duk matar da aka taɓa shigo mata da baƙuwa aka ce ai 'yar'uwa ce, kwana biyu za ta yi, ta san wannan tafasar. Mai fim ɗin bai ce mijin ya yi laifi ba, bai kuma wanke shi ba. Ya bar auren nan a gabanki kamar tukunyar da ta tsage ta ciki, ana ta girki da ita ba a lura ba.

Har satar jarrabawa sun mayar abin zullumi. A Bad Genius na 2017, na Nattawut Poonpiriya, wata haziƙar ɗaliba 'yar malamin makaranta ce ke sayar wa 'ya'yan masu kuɗi amsa, tana yi musu alama da motsin yatsunta. Fensir da takarda da agogon bango ne kawai, amma sai ki ji tafin hannunki yana gumi. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai a ƙasar Sin, ya tara sama da dala miliyan 40 a duniya.

BOKA MAI WANKE MAZA

To mu dawo gida. Kayan haɗin irin wannan labari wa ya kai mu? Muna da kishi, muna da gidan haɗaka inda mata huɗu ke girki a murhu ɗaya kowacce da abin da ta haɗiye, muna da kunya da kawaici da ke hana a faɗi magana shekara ashirin, muna da sirrin da dangi suka taru suka binne don kada a ji kunya a gari. Amma dubi abin da yawancin finafinanmu ke yi da su, da littattafan soyayya masu yawa.

Maigida zai juya wa uwargida baya, ya daina shiga ɗakinta, ya hana 'ya'yanta kuɗin makaranta. Maimakon a bar mu mu shiga zuciyarsa mu ga abin da ya lalace, sai kyamara ta yi tsalle ta faɗa daji. Ga boka da jan ƙyalle da ƙwarya yana ɓaɓɓaka dariya, ga amarya ko uwarta durƙushe tana miƙa kuɗi. Tun a minti na goma an gaya miki komai. Sauran fim ɗin jira ne kawai, a yi waƙa a yi rawa, har ranar da za a karya asiri, Alhaji ya farka yana dafe kai yana tambayar ina yake. Daga nan sai a tara dangi a falo, a ce wa uwargida ta yi haƙuri, ai ba yin kansa ba ne.

Wata za ta ce, ai su ma na Tailan ɗin da fatalwa a ciki, mene ne bambancinta da bokanmu? Bambancin babba ne 'yar'uwa. Fatalwar Natre daga aikin hannun Tun ta fito, shi ya jawo ta, kuma duk bayyanar da za ta yi ƙara ɗaure shi take da laifinsa. Ko da za ki cire ta daga labarin ki ce tunaninsa ne kawai, labarin yana nan a tsaye, mutum ne da hakki ya hana shi miƙe wuya. Bokanmu kuwa kwance mai laifi yake yi. Yana sauke kayan daga kan namijin da ya yi zalunci, ya ɗora a kan wata macen. Ki cire boka daga irin wannan fim, sai ki ga babu abin da ya rage, don tun farko ba a gina wa Alhajin zuciya ba.

Ban ce babu masu bin bokaye a duniya ba, akwai su, kowa ya sani. Abin da nake cewa shi ne wannan gajeriyar hanya tana yi mana ɓarna biyu. Ta farko, tana kashe labari. Baƙon da ke Bankok ko Legas ko Landan ba shi da abin da zai riƙe, don mutumin da aka juya da layu ba mutum ba ne, 'yar tsana ce, kuma babu mai zullumi a kan 'yar tsana. Ta biyu ta fi ciwo, don ita a gidajenmu take sauka. Yarinya ta tashi tana kallon wannan tun tana 'yar shekara bakwai. Ranar da mijinta ya sauya mata fuska, ba za ta zauna ta tambaye shi ko ta tambayi kanta me ya faru ba, kai tsaye za ta ce an yi masa asiri, ta ɗaura gaba da abokiyar zamanta, ta kwashe kuɗin adashenta ta kai wa masu duba. Shi kuwa gogan yana gefe wankakke tas, an ma riga an tanadar masa uzuri tun kafin ya nema.

HAJIYA BALARABA TA RIGA TA NUNA HANYA

Kada ki ɗauka sai mun je Tailan za mu koyi wannan. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, wadda mijin ya auro mata Delu, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Daga baya gobara ta cinye masa dukiya, wadda ya yi rawar kai a kanta ta watsar da shi, aka dawo ana lallashin Rabi ta koma. Abin da ya ba littafin nan ƙarfi shi ne Alhaji Abdu da hankalinsa ya yi abin da ya yi. Son zuciyarsa ne da rowarsa, kuma marubuciyar ta bar masa kayansa a ka. Ko komawar Rabi ba a yi mata ado da kiɗa ba, mai karatu yana rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro yana tambayar ko an yi mata adalci.

To ina littafin ya kai? An mayar da shi fim a 1998. A 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ki duba ikon Allah, Indiyar da muke aro daga gare ta, ita ce ta zo Kano ta ɗauki labarin wata mai sayar da abinci. Ba su zo neman wanda ya kwaikwaye su ba, wanda ya faɗi gaskiyar tsakar gidan Bahaushe suka ɗauka.

Finafinai masu Hausa ma sun fara leƙa waje. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020, shi Nijeriya ta aika gasar Oska, haka kuma Mai Martaba a 2024. Na farkon labarin 'yan mata Fulani ne da 'yan tayar da ƙayar baya suka sace, na biyun rikicin gadon sarauta. Abin alfahari ne, amma ni ina jiran ranar da za a aika da labarin da bai fita daga zaure zuwa madafi ba.

BA KUƊI NE MATSALAR BA

Na san abin da 'yan fim za su ce, wai ba jari. Ai irin wannan fim ya fi kowanne arha. Yawancin Ploy a cikin otal ɗaya aka yi shi. Abin da ya fi tsorata mutane a Shutter kuwa sikeli ne da wuyan mutum. Gaskiya ne Shutter da Alone da Bad Genius kamfanoni ne suka ɗauki nauyinsu, amma a Tailan akwai masu cin gashin kansu da ke harhaɗa kuɗi daga nan da can. Babbansu shi ne Apichatpong Weerasethakul, wanda ya kafa ɗan kamfaninsa, ya nemo tallafi daga ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Jamus, har fim ɗinsa na Uncle Boonmee ya ci babbar kyautar Cannes a 2010. Nasa ba na zullumi ba ne sosai, tafiyar hawainiya yake yi, amma ya buɗe wa na bayansa ƙofa. Mu da muke buga littafi da kuɗin adashe mu kai wa 'yan kasuwa da kanmu, mun san wannan hanya, ita ce wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da 'yan ƙungiyar Raina Kama suka share mana.

Sai kuma a ce Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta bari ba. Me za ta hana? Fim ɗin zullumi ba ya buƙatar rawa, ba ya buƙatar matsattsun kaya, ba ya buƙatar namiji ya taɓa mace. Kallo ɗaya da shiru ya isa. Su ma can suna da masu tacewa, har a 2007 aka nemi Apichatpong ya yanke wurare huɗu daga wani fim nasa, ya ƙi, ya janye shi daga silimomin ƙasarsa a lokacin.

Bari in ba ki misali da labarin da na ƙaga yanzu, wanda za a iya ɗauka a gida ɗaya a nan Kausani. An kawo amarya gidan da uwargida ta rasu wajen haihuwa shekara biyu da suka wuce. Kowa yana yi mata kirki. Sai dai ta lura duk ranar da aka yi ruwan dare maigida ba ya barci, yana zaune a zaure har asuba. Ta lura ya sayar da babur ɗinsa mai kyau ya koma hawan na haya. Ta lura in ta ambaci marigayiya sai uwar miji ta tashi ta ce za ta duba awaki. Ita kuma ga ciki ya fara girma. A hankali take tsintar zancen, guntu wajen mai kitso, guntu wajen 'yar marigayiyar mai shekara shida da ba ta manta daren ba. Ashe matar ta kwana tana naƙuda, ungozoma ta ce a tafi asibiti a Wudil, shi kuwa ya ce a bari gari ya waye, don suna cikin fushi da juna tun rana. Babu boka, babu aljani, babu wanda ya yi niyyar kisa. To yanzu watanta ya kama, ga hadari ya haɗo. Ki gaya min, akwai matar da za ta tashi daga gaban wannan fim, ko a Kano take ko a Bankok?

INDA BAN BI SU BA

Kada yabo ya yi yawa a ce na sayar da kaina. Akwai abubuwan da ban yarda da su ba a finafinan nan. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, labaransu cike suke da mamacin da ke dawowa ya ɗauki fansa, mu kuwa mun san wanda ya tafi ya tafi, hisabi yana gaba. Akwai shaye-shaye, kuma a Ploy akwai wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba sam, har a ƙasarsu sai da aka rage su. Ba finafinan da za ki kunna a tsakar gida yara suna zaune ba ne, kuma mai raunin zuciya ko mai juna biyu gara ta haƙura da Shutter.

Babban abin da ya tsaya min a rai kuwa shi ne Natre ba ta samu hakkinta ba sai da ta mutu. Tana raye babu wanda ya saurare ta, babu wanda ta iya kai wa kuka. Sai da ta zama abin tsoro sannan aka san da ita. Wannan darasi ne mai haɗari ga yarinyar da aka zalunta take zaune da abin a ciki. A nan Rabi ta Hajiya Balaraba ta fi ta, don ita da ranta ta tashi ta ɗora tukunya ta riƙe 'ya'yanta. Idan za mu yi namu, mu ɗauki dabarar Tailan ta barin mai laifi da kayansa, amma mu bar wadda aka zalunta da ranta da bakinta, ta yi magana a ji.

Shawarata gare ku 'yan'uwa masu kallo, in kin zauna gaban fim ko kin buɗe littafi, ki riƙa tambayar kanki, wannan da ya yi ɓarnar, an bar shi ya ɗauki kayansa ko an sauke masa an ɗora wa wata? In kin ga an sauke masa, ki faɗa, ki gaya wa ƙawayenki, ki rubuta wa masu shirin, don yanzu finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira, da aka fara a 2020, a YouTube ake sakin su, kuma masu yi suna duba abin da 'yan kallo ke cewa. Mu mata mu ne kasuwar, abin da muka karɓa shi za a ci gaba da kawo mana. Ku kuma ƙannena masu sha'awar rubutu, kafin ki aika jarumarki wajen boka a babi na uku, ki ajiye biro ki zauna da mijin nan na cikin labarinki, ki tambaye shi me ya sa ya yi haka. Amsar da zai ba ki ita ce littafin.

Allah Ya raba mu da ɗaukar hakkin wani, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku har kullum, daga Kausani.